Kulocin Gwaggo

2 ga Maris

Zuwa ga Auta, babbar injiniyar gidanmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya baƙin mai? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ke yi mini sallama duk lokacin da na miƙe tsaye. Innarki ma ƙalau take, ƙarfin muryarta bai ragu ba. Na tabbatar da haka, don ita kaɗai nake iya ji yanzu a duniyar nan.

Kin san abin da ya sa nake rubutu maimakon waya. Shekara talatin da ɗaya a gindin injin niƙa sun cinye mini kunne ɗaya da rabi. Ranar da kika kira kika yi ta bayani ina "to, to, madalla", wallahi ko kalma ɗaya ban kama ba. Sai ki yi haƙuri da rubutun ɗan aji huɗu. Inda kika ga harafi ya kwanta, gajiya ya yi.

Maganar Gwaggo ce. Ba ƙanwata ba, ita tana nan garau. Motar nake nufi, wadda ke kika laƙaba wa sunan kina 'yar shekara uku, wai tarinsu iri ɗaya ne da safe.

Wata uku ke nan in na taka totur sai ta yi gurnani kamar za ta tashi sama, amma tafiyar ba ta kai ta kawo ba. Mai keke ya wuce ni, har ya waiwayo ya yi mini sannu. A ɗan tudun nan na wajen tankin ruwa wani ƙauri ya tashi kamar an ƙona tsumma, Innarki ta sauka ta tafi da ƙafa, ta kuma riga ni isa. Yanzu ma ta daina motsi gaba ɗaya: giya na shiga, injin na kuka, mota na tsaye. Abokina Mai Faci ya ce kuloci ne. Na kira wani bakanike daga garejin bakin titi, ya zo ya buɗe gaba yana neman injin, ya tarar da safayar taya. Da na zagaya da shi baya na nuna masa, sai ya ce ina lagireto. Na ce wannan iska take sha, ba ruwa ba. Ya yi dariya, ni kuma na karɓi makullina.

To ga inda maganar take. Hukuma, wato Innarki, ta yanke hukunci. Gurbin da Gwaggo ke tsaye a tsakar gida nan za a gina mata ɗakin ɗinki, kuma magini zai zo da safiyar talatin ga Afrilu. Maƙwabcinmu malamin makaranta ya ce rumfarsa a buɗe take, in ajiye motar can. Amma Hukuma ta ce in Gwaggo ta fita ƙofar gidan nan da ƙafafunta, ta tsira. In kuwa sai an tura ta, to kada a tsaya da turawar sai kan motar Mai Gwangwan. Mutumin ya zo har sau biyu, yana ƙwanƙwasa jikinta da yatsa kamar mai zaɓen kankana.

Ban ga laifin Innarki ba, shekara ashirin tana ɗinki a baranda. Amma a motar nan na ɗauko ku ku biyu daga asibiti ranar da aka haife ki, ina tuƙi kamar na ɗauko ƙwai. Ba na son in ga an auna ta a sikeli.

Ki koya mini yadda ake canja kuloci. Na san ni ne na taɓa cewa sufana ba ta dace da hannun mace ba. Ki yi kamar ba ki ji ba, yadda ni ma ba na ji. Ki ba direban bas ɗinku Mai Gemu amsar, kullum Asabar ina tare shi a tasha.

Mahaifinki, tsohon mai niƙa.

10 ga Maris

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, aiki da godiya. Ka gaishe da Inna, ka kuma riƙa shafa wa gwiwar nan man da na aiko, ba ka ajiye shi a kan taga yana kallonka ba.

Na karanta wasiƙarka a wurin cin abinci, na yi dariya har abokan aikina suka ɗauka ƙarin girma aka yi mini. Mai Faci ya yi gaskiya, kuloci ne. A cikin kwalin da Mai Gemu zai ba ka akwai sabon faifan kuloci, da murfinsa mai matse shi, da ɗan boris ɗin da ke tura shi. Kada ka buɗe ledar faifan sai ranar da za ka sa shi, kuma hannunka a wanke. Ko ɗigon mai ba ya so.

Ba a kai wa ga kulocin Gwaggo sai an sauke injin, amma kada wannan ya tsorata ka, injin ɗin ba shi da nauyin na niƙa. Ka fara cire kan batir. Ka cire tiyon fetur ka toshe shi da fensir. Ka kwance wayar totur. Duk wayar wuta da ka cire, ka ɗaura mata takarda ka rubuta inda ta fito, ka san halinka. Sannan ka sa jak da faffaɗan katako a ƙarƙashin injin. Noti huɗu ne kacal suka haɗa shi da giyabos, biyu a ƙasa, biyu a sama bayan gidan fanka inda ido ba ya gani sai hannu. Ku ja shi baya a hankali, ku sauke, ku ɗaga bayan motar ku dasa ta a kan itace mai ƙwari kafin ku janyo shi waje. Baba, kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. Wannan ba shawara ba ce.

Tunda ya sauko, a wanke shi. Akwai kwanoni da suka lulluɓe injin kamar riga, ka kwance su ɗaya bayan ɗaya ka jera su yadda suka fito. A ƙarƙashinsu za ka ga siraran ƙarafa a jere kamar haƙoran mataji. Ta nan zafi ke fita, don haka kowane tsagi sai ya yi fes. Kananzir da buroshi, ba ruwa ba. Ka ɗaure bakin kafireto da leda.

Abu na ƙarshe. In ka kwance noti shidan da ke riƙe murfin kuloci, ka duba tsohon faifan da kyau, ka rubuto mini abin da ka gani: a bushe yake ko a jiƙe? Kada ka sa sabon sai na ba ka amsa. Na zana maka komai a bayan takardar nan.

Zancen sufana kuwa, ai a akwatinka na fara satarta.

'Yarka, Auta.

19 ga Maris

Auta,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Man gwiwa na shafa, sauran na ba Mai Faci don bayansa. Kwali ya iso, Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki fiye da haka. Na buɗe shi a tsakar gida na tsaya ina kallon faifan ta cikin leda, har Innarki ta ce ko hoto za a ɗauke mu tare.

Injin ya sauko! Tsofaffi biyu, ɗaya ba kunne ɗaya ba baya, amma ya sauko. Noti na huɗun nan da kika ce ido ba ya gani, rabin yini muka yi a kansa. Mai Faci yana ƙasa yana ihu "juya hagu", ni ina sama ina amsawa "lafiya lau". Da ƙyar muka gane ya riƙa jan ƙafar wandona: sau ɗaya hagu, sau biyu dama. Wayoyi duk na ɗaura musu takarda kamar yadda kika ce. Biyu daga ciki na kasa karanta rubutuna, amma na tuna launinsu.

Dauɗar da ke jikin injin nan, Auta, da za a shuka wani abu a ciki da ya fito. Kaurinta ya kai yatsa, baƙa ƙirin kamar kwalta. A tsakanin haƙoran matajin na fasa gidan zanzaro goma sha ɗaya, da sheƙar ɓera guda, mai gidan ya fita ta kan ƙafar Mai Faci ba sallama. Kwana huɗu ina kankara da tsinken kwano da tsohon buroshin haƙorina. Yanzu ƙarfen ya fito fari tas, ashe launinsa ke nan. Shekara talatin ina zaune da mota ban san launin injinta ba.

Tsohon faifan ya cinye har ƙusoshinsa sun fito suna ƙyalli. Kin ce in duba a bushe yake ko a jiƙe. A jiƙe yake sharkaf da baƙin mai, har ya taru a gindin kaskon giyabos, na kwashe da cokali. Ina jin haka ake yi masa don ya yi santsi.

Yanzu bari in yi ɗan alfahari, tunda ba kullum nake samu ba. Kin ce in kwance rigar kwanon da ke jikin injin. To wannan aikin na riga na hutar da kaina tun shekara huɗu da suka wuce, bayan tafiyarki. Wani lokacin zafi na zauna na yi tunani: injin da iska ce abincinsa, don me za a naɗe shi da kwano kamar mai jin sanyi? Ni in zafi ya dame ni riga nake tuɓewa. Sai na tuɓe masa, na bar gidan fanka kaɗai don na kasa gane yadda ake cire shi. Kwanonin ma ba su yi asara ba, Innarki ta rufe akurkin kajinta da su, ko ɗigo ba ya shiga. Kin ga ɗan aji huɗu ya riga masu manyan takardu dabara. Ki gaya wa malamanki, in suna son ƙarin bayani ina gida.

Ina jiran izini in sa sabon faifai.

Babanki, injiniya na biyu.

12 ga Afrilu

Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan lafiya. Mu dai lafiya, in an cire tunani.

Asabar uku ke nan ina zuwa tasha. Mai Gemu yana hango ni sai ya juya tafin hannunsa sama, tun kafin ya kashe mota. Ranar ƙarshe har kunyata ya ji, ya saya mini shayi. Innarki ta ce kin kira ta sau biyu, kin ce aiki ne ya yi yawa, a gaishe ni. A gaishe ni kawai. Ba zancen faifai, ba zancen wasiƙa.

Na zauna na tuno abin da na rubuta miki, don ni ba na ajiye kwafi. Na tuna maganar masu manyan takardu. Auta, wasa nake. Kin san bakina ya fi kaina sauri, shi ya sa malaminmu na aji huɗu ya yi murna da tafiyata. Amma na san ba wannan ne karo na farko ba. Ranar da kika kawo takardar shiga makarantar kanikanci na yi dariya a gaban baƙi, na ce a nemo miki wando da hular kwano. Kowa ya yi dariya ban da ke. Ban taɓa ba ki haƙuri a kan wannan ba, na bar shi ya bushe da kansa kamar laka a taya. To yau ina ba ki. Duk layin nan ba wanda ban nuna wa zanenki na bayan takarda ba, har mai sayar da burodi.

Kwana goma sha takwas suka rage, kuma magini ya riga ya sauke yashi a ƙofar gida. Don haka na yi abin da kika hana ni, na sa sabon faifan ba da izininki ba. Na wanke hannu sau uku. Na ga a zanenki ana zura wani abu a tsakiyar faifan don ya zauna daidai kafin a ɗaure murfin, ba ni da irinsa, sai na fere ƙarshen muciyar Innarki ta shiga cif. Ba ta gane ba tukuna, tana dai cewa muciyar ta rame.

Jiya muka mai da injin. Ya fi saukewa wuya, sai da muka yi ta girgiza shi kafin ya shige. Ban tayar ba, batir ya mutu, na kai caji, masu cajin kuma kwana biyu ba su da wuta. Da zarar ya dawo zan gwada.

In fushi kike, ki rubuto ki zage ni cikin ladabi, na fi son haka da shirun nan. In kuma ba fushi ba ne, to mene ne?

Babanki.

15 ga Afrilu

Baba,

Ka yi haƙuri da wannan rubutu kamar tafiyar kaza, da hannun hagu nake yi. Yanzu ni ce 'yar aji huɗu.

Ba fushi nake ba, ko kaɗan. Ranar sha takwas ga Maris giyabos ɗin wata bas ya zame daga sarƙa ya danne mini hannun dama. Yatsu biyu sun karye, an ɗaure, likita ya ce za su koma daidai. Ina gida tun ranar, wasiƙarka ta sha tara kuma tana cikin akwatina a wurin aiki ban sani ba. Yau abokiyar aikina ta kawo mini ita tare da ta sha biyu ga Afrilu. Kada ka gaya wa Inna zancen hannun, ka san ba za ta yi barci ba.

Na karanta ta biyun sau uku. Maganar hular kwano na daɗe da yafewa, amma na ji daɗi da ka rubuta. Zan ajiye takardar.

Yanzu aiki. Na kira Inna na ce ta ɓoye makullin Gwaggo, ta ce ba a taɓa ba ta aikin da ya yi mata daɗi kamar wannan ba. Kada ka tayar da injin nan, Baba. Faifan kuloci a bushe yake aiki. Man da ka gani yoyo ne, daga wata roba da ake ce wa sil, tana bayan babban faifan ƙarfe mai haƙora wanda kulocin ke manne da shi. In ka tayar, sabon faifan zai jiƙe kamar tsohon.

Abin da ya kashe robar kuwa zafi ne. Baba, rigar nan ba ta sanyi ba ce. Ita ke kama iskar fanka ta tilasta mata bi ta tsakanin haƙoran matajin. Da ka tuɓe ta, fanka tana ta hura iska a banza, injin yana dahuwa a hankali shekara huɗu. Abin da ya cece ku, ba ka taɓa yin nisa da ita ba, daga gida sai kasuwa. Sai an karɓo kwanonin nan daga wurin kaji, duka, har ƙananan.

Wato injin zai sake saukowa. Na sani. Ka zauna ka sha ruwa tukuna.

Ga sabon sil a cikin ambulan. Mai Gemu zai ara maka babbar soket ta ƙaton notin da ke tsakiyar faifan mai haƙora, sai ka samo dogon bututu. Ku tokare faifan da ƙarfe kada ya juya. Siraran zobban da za ka gani a bayan robar ka mai da su yadda suke. Wajen ɗaurewa, in nauyinka kilo sittin ne, ka tsaya a kan bututun rabin mita daga notin, kada ka yi tsalle. Ka goge fuskar faifan da fetur kafin kuloci ya koma. In an gama, fedar kuloci ta yi wasa kamar faɗin babban yatsa kafin ta yi tauri, da wani noti mai fukafukai da ke ƙarshen wayar kuloci ake saitawa.

Kwana goma sha biyu za su rage in wannan ta iso. Sau biyu ka taɓa injin nan yanzu, ka fi bakaniken bakin titi.

Auta.

1 ga Mayu

Auta, 'yar albarka,

Assalamu alaikum. Kafin komai, ya hannu? Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Mu muna lafiya, gwiwa da baya duk sun yi yajin aiki amma masu su na nan.

Sirrinki bai kwana ba, ki yafe mini. Kin san ni ba na iya karatu a zuci, sai na furta, kuma ba na jin ƙarfin muryata. Ni a ganina raɗa nake yi a bayan Gwaggo. Ina kaiwa "kada ka gaya wa Inna" sai na ga inuwarta a kan takardar. Malamin makaranta ma ya leƙo ta katanga ya ce a yi miki sannu.

Ta karɓi wasiƙar ta daɗe tana kallon rubutun. Ni kuma na tsaya ina lissafin yadda zan roƙi rufin kaji a wurin matar da ke son ganin bayan motar. Na gyara murya na ce, "Ranki ya daɗe, aro na zo."

Ta ce, "Irin aron da ka yi wa muciyata?"

Ashe ta sani. Na ce, "Wancan gyara na yi mata, ta yi ƙiba da yawa."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Yarinya da karyayyun yatsu ta zauna ta cika takarda biyu da hannun hagu saboda tarkacen nan. Ba za a ce wahalarta ta tsaya a kan rufin kajina ba. Ɗauko tsani."

Ita ta riƙe tsanin. Kwano bakwai muka sauko da su, na takwas, ɗan ƙarami, a ciki kajin ke shan ruwa. Ta wanke su da toka da soso, ta jera su a rana, ta hana ni taɓawa wai hannuna da mai. Kajin kuwa sun koma ɗakin girki, zakaran yana kwana a kan buhun gawayi yana kallona kamar na ci amanarsa.

Saukewa ta biyu awa uku ta ɗauke mu. Robar nan da na ciro ta bushe ta tsattsage kamar diddigen manomi, na riƙe ta a hannu na ji kunya, don na san wanda ya dafa ta. Na je wurin mai sayar da hatsi na hau sikelinsa, kilo hamsin da shida. Mai Faci ya ce a cika da bulo, sai na hau bututun rungume da rabin bulo, shi yana riƙe da ƙuguna, Innarki tana auna rabin mita da tef ɗin ɗinki. Da wani ya shigo a lokacin da ya kira mana likita.

Rigar ce ta ci kwanaki. Kowane kwano sai mun juya shi ta fuska huɗu kafin ya yarda, ramukan ƙusar akurki kuma na toshe su ɗaya bayan ɗaya. Ranar ashirin da tara da la'asar muka ɗaura waya ta ƙarshe. Innarki ta ciro makulli daga cikin gwangwanin maɓallai. Na murɗa, na ji kujera tana rawa a ƙarƙashina, amma ban san ko kukan lafiya take yi ba. Na leƙo na ce, "Me kika ji?"

Ta zagaya baya, ta sunkuya, ta karkata kai yadda take yi wa kekenta. Ta daɗe. Sannan ta zo daidai kunnena mai rabi ta ce, "Kamar keken da aka sa wa mai. Ba tari."

Jiya da safe magini ya zo da igiyarsa, Mai Gwangwan ya zo da motarsa har da sarƙa, maƙwabta suka cika ƙofar gida. Na sa farar riga. Na tayar, na sa giya, na ɗaga ƙafa yadda na saba. Abin da ba wanda ya gaya mini, ƙafata ta saba da kulocin da sai an sake shi duka kafin ya yi tunani. Wannan kuwa ina ɗagawa ya cafke. Gwaggo ta yi tsalle kamar akuya, ta yi gaba, ta mutu a tsakiyar ƙofa. Tayun gaba a titi, na baya a cikin gida.

Mai Gwangwan ya ce, "Alhamdulillahi, ba ta fita ba."

Mai Faci ya ce, "Kai makaho ne? Ga hancinta a waje."

Mai Gwangwan ya ce, "Injin a baya yake, bayan kuma yana ciki. A kawo sarƙa."

Duk wannan daga baya aka fassara mini, ni a lokacin bakuna kawai nake gani suna motsi. Kowa ya juya wurin Hukuma, tunda dokarta ce. Na kalle ta ta madubi. Sai ta juya mana baya, ta kama ƙarshen igiyar magini, ta ce da muryar da har ni na ji, "Ni awo nake yi, ban ga komai ba. In na juyo na ga mota a ƙofata, to."

Na sake murɗawa. Wannan karon na ɗaga ƙafar kamar mai taka ƙaya. Ta kama a hankali, ta ja, bayanta ya fice. Ban shiga rumfar malam ba, na miƙe titi. Tudun tankin ruwa a giya ta biyu ta haye shi ba ƙauri ba gurnani. A can sama na tsaya na sa hannu a ƙarƙashinta, na ji iska mai zafi tana fitowa da ƙarfi, wadda shekara huɗu na hana ta hanya. Na ɗan zauna a gefen titi. Wani ya tsaya ya ce ko mota ce ta lalace, na ce a'a, ƙura ce ta shiga mini ido.

Auta, ban san yadda uba ke gode wa 'yarsa a takarda ba, ba a koya mana a aji huɗu ba, wataƙila a aji biyar ake yi. Na gode. Allah ya yi miki albarka, ya tsare sauran yatsun takwas.

An fara haƙa harsashin ɗakin ɗinki. Innarki tana tsaye a kaina yanzu, ta ce in tambaye ki, tsakaninmu da ke tudu nawa ne, kuma Gwaggo za ta iya? Ta ce ba ta yarda da zancen likita ba sai ta ga hannun da idonta. Na ce mata sai an yi wa injin gwaji na sati biyu tukuna. Ta ce sati ɗaya.

Mahaifinki.